Azumi Mai Khal da Inabin Ɗa'ifa

Duk wanda ya taɓa zama a unguwar Hindawiyya ta Jidda kafin a rushe ta, in ka ambaci Khala Azumi zai tambaye ka ko mai khal kake nufi. Akwai wasu Azumin a unguwar, amma ita ce ta shafe shekara talatin da ɗoriya tana zama a kasuwar Bab Makka, gefen masu kayan yaji, da kwalabe jere a gabanta cike da ruwan tsamin inabi da ta haɗa da hannunta. Larabawa suna saye su zuba a salak, Hausawa suna saye don jiƙa nama da kumburin ciki. Gajeriya ce mai faɗin kafaɗa, ba ta da yawan magana, tafin hannunta kuma ya rine tun tana matashiya, sabulu bai taɓa fitar da jan duka ba.

A Gadarif ta ƙasar Sudan aka haife ta, cikin watan azumi. Tana da shekara shida iyayenta suka ƙetaro teku don sauke farali, suka yi Hajji, ba su koma ba. Mahaifinta ya riƙa dako a tashar jiragen ruwa, mahaifiyarta tana suyar gyaɗa a ƙofar gida. Haka ta tashi a lungunan Hindawiyya, Hausa a cikin gida, Larabci a waje, ba ta san wani gari ba sai Jidda.

Tana da shekara ashirin da biyu ta auri Ɗayyabu, wani dogon mutum mai sanyin hali da ya zo daga Sakkwato yana saurayi. Aikinsa a Ɗa'ifa yake, can saman duwatsu inda ake sanyi, a gonar wani dattijo Balarabe mai suna Nayef, wanda shi ne kafilinsa, mai tsaya masa a zaman ƙasar. Duk bayan mako biyu ko uku yake saukowa Jidda ya kwana biyu ya koma. Gonar ba wata babba ba ce: rumman kaɗan, ɓaure kaɗan, sai inabi. A cikin inabin akwai layi huɗu na wani iri da Nayef ya gada, wanda ba shi da wani suna a bakinsa sai "inabin kakana". Ƙanana ne 'ya'yansa, baƙaƙe, ɓawonsu da kauri, cikinsu da ƙwallaye, zaƙinsu kuma yana tafe da tsami a baya. 'Yan kasuwa ba sa sonsa, sun fi son manyan nan marasa ƙwallo. Maƙwabtan Nayef duk sun tuge nasu tun da daɗewa, shi kaɗai ya rage da shi a kwarin.

A shekarar aurensu Ɗayyabu ya tafi da Azumi ta yi kakar inabi a can. Matar Nayef, tsohuwa mai faɗa da kyauta, ita ta koya mata khal. Ba a wanke inabin har farar ƙurar da ke jikin ɓawon ta fita, domin ita ke tayar da shi. A murje da hannu, a zuba a randar ƙasa, a rufe da ƙyalle mai shara-shara, a riƙa juyawa da muciya kullum safe. Bayan mako biyu a tace, a mayar randa, a ajiye a ɗaki mai duhu a ƙyale shi. Ba sukari, ba yis, ba komai. Azumi ta dawo Jidda da randa biyu da wannan ilimin, daga nan kuma duk kaka Nayef yana aiko mata da akwatunan inabin kakansa da kasuwa ta ƙi.

A shekara ta uku abin ya kusa jawo mata fitina. Ruwan inabi kafin ya zama khal yakan yi kwanaki yana tafasa da kansa, yana kumfa, yana fitar da wani wari da duk wanda ya san duniya zai gane. Wani hantsi maƙwabciyarta Maijidda, wadda katanga ɗaya ta raba su, ta shigo ta tsaya a tsakar gida tana shaƙar iska.

"Azumi, me kike dafawa a ɗakin can?"

"Ba na dafa komai. Khal ne."

"Khal ba haka yake wari ba. Ni dai don Allah nake gaya miki. In maganar nan ta fita, ba ke kaɗai za a kwasa ba, har mu."

Azumi ta gane abin da Maijidda take nufi. A ƙasar nan wanda aka kama da giya gidan yari zai shiga, in ya fito a mayar da shi ƙasarsu, ita kuma ƙasar tata ta baro ta tana shekara shida. Ba ta jira magana ta zagaya ba. Ta ɗauki mayafi ta je wurin Malam Munzali, limamin ƙaramin masallacin lungunsu, ta roƙe shi ya zo ya gani da idonsa. Ya zo bayan la'asar, ya tsaya a bakin ɗakin, ya leƙa randa.

"Me kika nufa da shi tun farko?"

"Khal, Malam."

"Kina ɗanɗanawa a wannan halin?"

"Ko a harshe ba na ɗorawa sai ya juya."

Malam ya ce ba ta yi laifi ba, amma daga yau ta riƙa zuba tsohon khal a kan sabon inabin tun ranar farko, tsami ya riga komai shiga, ta huta da zargi kuma ta huta da shakka. Haka ta yi har ƙarshen sana'arta. Maijidda ba ta taɓa ba ta haƙuri da baki ba. Bayan wata biyu dai ta shigo da kwalba babu komai a ciki ta miƙa mata, Azumi ta cika, suka ci gaba da zumunci.

Shekaru suka wuce a haka. 'Ya ɗaya Allah ya bar musu, Mansura, bayan biyu da suka rasu suna jarirai. Ɗayyabu yakan sauko lokacin sanyi hannuwansa duk sun tsage saboda askin rassa da ɗaurin kurangar inabi, ya zauna a tsakar gida yana ba ta labarin kowane tushe kamar mutum: wanda ya yi ƙiba, wanda tsutsa ta kama, wanda ya ƙi haihuwa bana. Ita kuma tana shafa masa man zaitun a hannu tana saurare. Randunanta suka kai bakwai.

Nayef ya rasu yana da shekara casa'in ba kaɗan. 'Ya'yansa duk a Riyad suke aiki, babu mai sha'awar noma, suka sayar da gonar ga wani da zai gina wurin shaƙatawa. Suka yi wa Ɗayyabu sallama ta mutunci, suka ce ya nemi wani kafilin da zai karɓi iƙamarsa, takardar izinin zamansa. Shi kuma ya roƙi alfarmar yini ɗaya kafin motar tugewa ta shigo. Allah ya sa lokacin sanyi ne, kuranga ta zubar da ganye tana barci. Ya bi layi huɗun nan ya yanko rassa, ya naɗe a jiƙaƙƙen buhu, ya cika wasu buhunan da ƙasar gonar, ya sauko Jidda.

Azumi ta dubi damin itacen da ya ajiye a gabanta.

"Abu Mansura, wannan ba zai yi a Jidda ba. Kai da bakinka ka ce sai da sanyi."

"Na sani."

"To?"

"To in bar shi a ƙone? Babu shi a ko'ina, Azumi. Na tambaya har ƙauyukan gaba."

Ya dasa goma sha biyu a manyan gwangwanayen mai. Ruwan da tanka ke kawowa yana da ɗan gishiri, sai ya sa bokiti a ƙarƙashin na'urar sanyaya ɗaki yana tara ruwan da ke ɗigowa, da shi yake ban ruwa. Ya samu aikin gadi a wani rumbun ajiye kaya a Mahjar, mutumin da ya yi shekara talatin da biyar yana cikin ganye ya koma zaman kujera a bakin ƙofar ƙarfe. In ya dawo ba ya cire takalmi sai ya zagaya gwangwanayensa. Duk suka tsiro da farko, har ya fara murna. Da zafi ya shigo, da gumin nan na bakin teku, suka fara ƙonewa ɗaya bayan ɗaya. Kafin shekara ta zagayo saura guda, wanda ke jikin bangon kicin inda inuwa ke sauka da rana tsaka. Ya fasa siminti ya mayar da shi ƙasa, ya haɗa masa rumfa da tsofaffin bututun ruwa.

Ita kuma Azumi ta koma sayen inabi a kasuwar kayan gwari, irin wanda ake shigowa da shi daga ƙasashen waje. Khal ɗin yana yi, amma ba shi da jiki. Tsofaffin masu saye suka gane. Wata Balarabiya da ta yi shekara ashirin tana saye a wurinta ta shinshina kwalba ta ce, "Ya khala, hannunki ya canza." Azumi ta ce ba hannu ba ne.

A shekara ta uku da dashen Ɗayyabu ya faɗi a wurin aiki, ɓarin jikinsa na dama ya shanye, harshensa ya yi nauyi. Da aka sallamo shi daga asibiti ya ce a riƙa shimfiɗa masa tabarma a ƙarƙashin rumfar. Sanyi ya zo, lokacin aski, shi kuma ba ya iya riƙe almakashi. Ya nuna mata da hannun hagu ta ɗauko.

"Ni ban iya ba," in ji ta. "In na kashe shi fa?"

"Ba ya mutuwa da aski," ya faɗa a hankali, kalma ɗaya-ɗaya. "Ƙirga ido. Uku ki bari. Ki yanke sama."

Ta kama reshe, ta lalubi 'yan ƙulle-ƙullen da sabon tsiro ke fitowa, ta ƙirga uku ta yanke. Ya girgiza kai ya ce ta karkata almakashin, kada ruwa ya kwanta a kan yankan. Suka yi yini biyu a kan aikin da da zai gama kafin shayi ya huce. Da suka gama rumfar ta koma ƙarafa da 'yan sanduna, Azumi ta tsorata da yawan abin da ta zubar. Shi kuwa ya yi murmushi da rabin bakinsa ya ce ta iya.

Ya rasu bayan wata huɗu, kurangar tana cike da ganye amma ba ta taɓa yin ɗa ba. Aka binne shi a Jidda. Azumi ta yi takaba a ƙarƙashin rumfar, tana tara ruwan na'ura kamar yadda yake yi.

Sai bayan shekara biyu da rasuwarsa ta ga fure, daga baya nono uku na inabi suka sauko, ƙanana, ba su kai rabin na Ɗa'ifa ba. Ta ɗinka musu jakunkunan ƙyalle saboda tsuntsaye. Ranar da suka yi baƙi ta tsinki ɗaya ta sa a baki, ta ji kaurin ɓawon da zaƙin da tsamin da ke biye, sai ta zauna a ƙasa ta yi kukan da ba ta yi ba ranar jana'iza. Mansura, wadda a lokacin ta yi aure har da 'ya'ya, ta zo ta same ta haka. Ita Hausa ta fi jin ta a kunne fiye da a baki. Ta ɗanɗana ta yamutsa fuska.

"Ummi, wallahi hamid, tsami marra. Shi ne kike kuka a kai?"

"Shi ne," in ji Azumi. "Ubanki bai gani ba."

Daga wannan shekarar kurangar tana ba ta nono biyar, wata shekarar takwas, wata shekarar babu. Ta ware ƙaramin tulu tana yin khal ɗinsa daban, ba ta sayarwa. In wani a lungun ya yi rashin lafiya takan aika masa da rabin kofi.

Labarin rusau ya daɗe yana yawo kafin ya iso. Ana cewa za a sabunta tsofaffin unguwannin kudancin gari, mutane suna cewa ba za a zo kansu ba. Wata safiya aka wayi gari da jan fenti a bangayen lungun, an rubuta kalmar da ke nufin a tashi, da ranar da za a yanke wuta da ruwa. Gidan Azumi na haya ne, ba ta da abin cewa. Mijin Mansura, Nasir, direban wani kamfani, ya ce ta dawo wurinsu, suna hawa na uku a wani bene can gabashin gari.

"Itacen fa?" ta tambaye shi.

"Ya Ummi, ina za mu sa itace a bene? Halas, ki yi haƙuri."

Duk da haka ya zo ranar Juma'a da diga ya gwada haƙa, don ya faranta mata. Ya tarar saiwar ta shige ƙarƙashin harsashin kicin, ba ta fitowa sai an sare ta. Azumi ta ce ya bari. Wannan karon ma lokacin sanyi ne. Ta ɗauko almakashin Ɗayyabu ta yanki rassa ashirin, kowane tsawon kamu ɗaya da rabi, ta karkata yankan sama don a gane kai da gindi, ta naɗe a jiƙaƙƙen buhu. Kafin ta fita ta juye wa tushen bokitin ruwa na ƙarshe, duk da ta san motar rusau na nan tafe cikin mako. Randa biyu suka fashe a hanya, uku ta rabar saboda babu wuri. Maijidda da iyalinta suka tattara suka koma wurin dangi a Sudan. Suka rungumi juna a bakin lungu, ba su sake haɗuwa ba.

Azumi ta matsa wa Nasir sai da ya kai ta Ɗa'ifa. Suka hau hanyar dutse mai lanƙwasa, ita tana baya da buhun a cinyarta. Inda gonar Nayef take sun tarar da doguwar katanga da fitilu masu launi, ana jin ihun masu wanka a tafki daga ciki. Suka wuce gaba suna tambaya. Manomi na farko ya duba rassan ya ce ba ya shigar da itacen bakin teku gonarsa, yana tsoron cuta. Na biyu ya tuna irin, ya ce mahaifinsa ma ya taɓa nomansa, amma wa zai sayi inabi mai ƙwallo yanzu. A gona ta uku suka ji ana Hausa a waya. Wani magidanci ne mai furfura, Badaru, mutumin Maraɗi, yana kula da gonar wani da ba ya zuwa sai da rani. Ya saurari labarin har ƙarshe.

"Hajiya, gonar ba tawa ba ce. Amma akwai wuri a jikin katangar baya inda ruwan famfo ke malala. Zan soka su a can. In mai gida ya ce a cire, ba ni da ta cewa."

"Na yarda, ɗan'uwana. In sun kama, ido uku za ka bari lokacin aski."

Ta ba shi goma, ta karɓi lambar wayarsa, ta dawo da goma ta dasa a bokitai a barandar benen. Barandar yamma take kallo, rana tana dukanta tun daga azahar har faɗuwa. Ta rataya tsohon zane don inuwa, ta riƙa jan bokitan ciki da waje, har Mansura ta fara ƙorafin ƙasa a kan tayil. Bakwai suka tsiro. Da tsakiyar zafi aka yi wa Azumi aikin ido ta kwana huɗu ba ta fita baranda ba, kowa a gidan ya ɗauka wani ya ba su ruwa. Da ta fito ta taɓa ganyen ya murmushe a hannunta. Ta ci gaba da ban ruwa har wata guda, babu wanda ya farfaɗo. Ba ta yi wa kowa faɗa ba.

Badaru ya kira sau biyu a farkon shekarar, ya ce huɗu sun kama. Daga baya wayarsa ta daina shiga. Nasir ya bincika ya ji an ce kwantiraginsa ya ƙare, ya koma gida.

Ta daina zuwa Bab Makka, domin nisa da gwiwa, kuma babu ɗaki mai duhu a benen da za a ajiye randa. Duk lokacin sanyi takan ce wa Nasir ya kamata a je Ɗa'ifa a duba rassan da Badaru ya dasa, shi kuma ya ce in sha Allah. Sai bara ya samu hutu ya ce, "Yalla, Ummi, mu je." Suka tafi da Mansura cikin watan da inabi ke nuna. Sun sami gonar, amma ƙofar a kulle da sarƙa, suka buga babu kowa. Suka zagaya ta baya. Can saman katangar, sama da kan mutum, wani ganyen inabi ya leƙo waje.

Azumi ta ɗaga kai ta kare rana da hannu. Idon da aka yi wa aiki bai dawo daidai ba, ɗayan kuma ya fara hazo. Nasir ya yi tsalle bai kai ba. Mansura ta ɗauki hoto da waya ta buɗe shi ya yi girma ta miƙa mata.

"Shi ne, Ummi?"

Azumi ta daɗe tana kallo. Ganye ne na inabi, kore, babu 'ya'ya a ɓangaren da ya fito. Ita 'ya'yan ta sani, da ɗanɗanonsu, da yadda suke fashewa a hannu. Ganye kuwa duk kusan ɗaya ne a wurinta, gonar kuma tana da wasu irin inabin a ciki.

"Ban sani ba," ta ce. "Ubanki ne mai gane su ta ganye."

Suka jira a inuwar katangar har la'asar ko wani zai zo ya buɗe. Babu wanda ya zo. Nasir yana da aiki washegari, suka kama hanyar saukowa.

Yanzu tana nan a benen, shekarunta sittin da bakwai. Da safe takan taya Mansura gyaran kayan miya, da yamma ta zauna kusa da taga tana jan carbi, jikokinta suna yi mata Larabci tana amsa musu da Hausa. Ta sa Nasir ya rubuta lambarsa a takarda ya liƙa a ƙofar gonar kafin su taho, da bayanin cewa akwai mai tambaya game da inabin katangar baya. Har yau ba a kira ba.